Lanƙwashewar Gaban Namiji: Lacca Ga Magidantan Umbadda

Iyaye da malamai, yayye da ƙanne, sannunmu da arziƙin sake zama wuri guda bayan yaƙin da ya ratsa garin nan. Batun yau na magidanta ne, yana kuma da nauyin faɗa. Za a kira shi da sunansa cikin ladabi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A ɗauki magidanci mai shekara hamsin da 'yan kai, irin waɗanda ake gani kullum a bakin rumfa a kasuwar Suƙ Libya, ko a kan benci wajen mai shayi bayan la'asar. Wata rana da asuba ya farka gabansa a miƙe kamar yadda aka saba, sai ya ji wani zafi da bai san da shi ba. Mako biyu, mako uku, zafin bai tafi ba. Da ya shafa sai ya ji ƙulli a ƙarƙashin fata, mai tauri, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Kafin wata uku ya lura gaban ya soma karkata sama ko gefe in ya miƙe, in ya kwanta kuwa ba a ganin komai. Daga nan ya fara janye jiki daga shimfiɗar iyalinsa. Yau ya ce gajiya, gobe ya ce zafin gari. In ya je wurin mai magani ba ya faɗin abin da idonsa ya gani. Zai ce sanyi ne, ko basir, ko ya sassauta murya ya ce yana jin an ɗaure shi. Mai magani ya ƙulla masa abin da ya tambaya. Haka ciwon yake shigowa ga da yawa daga cikin masu shi, haka kuma watanninsa na farko suke salwanta.

Ciwon yana da suna, yana da tarihi. Likitoci suna kiransa da sunan François de la Peyronie, wanda ake furtawa Peroni, likitan fiɗa na Sarkin Faransa Luwis na 15, wanda ya yi bayaninsa a rubuce a 1743. Tun kafin shi, wajen 1561, masana jikin ɗan Adam a Turai sun ambaci irin wannan ƙulli. Shekaru kusan 300 ke nan ana nazarinsa, kuma abin da aka gano ba shi da wuyar fahimta.

A cikin gaban namiji akwai bututu biyu a jere masu kama da soso. Idan sha'awa ta motsa sai jini ya cika su, su kumbura, su yi tsayi. Kowannensu yana cikin wani kube na farin nama mai ƙarfi, wanda yake miƙewa daidai ta kowane gefe, shi ya sa gaba yake tsayawa sak. To idan kuben nan ya sami ɗan rauni, jiki zai yi abin da ya saba yi, wato ya ɗinke wurin. Ga mafi yawan maza ɗinkin yana warkewa ba alama. Ga wasu kuwa jiki yakan wuce gona da iri, ya tara zaruruwa masu tauri a wurin har su zama tabo, wani lokaci ma tabon ya daskare kamar ƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ga misalinsa. A manna faci mai kauri a gefe ɗaya na tib ɗin keke, a hura masa iska: ko'ina zai buɗe ban da wurin facin, sai tib ɗin ya karkata wajensa. Tabon ya fi zama a saman gaba, don haka lanƙwasar ta fi yin sama. In yana gefe, ta yi gefe. In kuwa ya zagaye, sai tsakiya ta tsuke kamar kalangu. Kuma sau da yawa tsayi yana raguwa, abin da maza da yawa suka fi jin ciwonsa a rai fiye da lanƙwasar kanta.

Ana auna karkatar da digiri, kuma agogon bango ya isa ya nuna ma'anarsa. Tazarar da ke tsakanin 12 da 1 digiri 30 ce. Daga 12 zuwa 2 digiri 60. Daga 12 zuwa 3 digiri 90. Ƙasa da 30 galibi ba ta hana saduwa. Daga 60 zuwa sama abin yakan yi wuya, ko ya gagara, ko ya zame wa matar azaba.

Wanda abin ya sama yakan ɗauka shi kaɗai ne a duniya. A birnin Kolon na Jamus an aika wa maza 8,000 takardar tambayoyi, sama da 4,000 suka amsa, aka sami kashi 3.2 cikin 100 suna da shi, kamar yadda aka wallafa a 2001. A Amurka kuwa, da likitoci suka shafa da hannunsu maimakon su jira a gaya musu, sai suka sami ƙullin ga kashi 8.9 cikin 100 na maza 534 da suka zo gwajin wata cuta daban, a binciken 2004. Ƙila kunya na cikin abin da ya kawo bambancin alƙaluman nan biyu. A lissafin nan, masallacin unguwa mai ɗaukar magidanta 100 ba zai rasa uku ba, ƙila ma tara, kowannensu yana zaton asirinsa ba shi da na biyu.

Me yake jawo raunin farko? Mafi yawan masu ciwon ba sa tuna wata rana da suka ji rauni. Abin da likitoci suka fi rinjayarwa shi ne ƙananan tanƙwarewa da ake yi lokacin saduwa, waɗanda ba a ma lura da su. A nan ne shekaru suke shigowa. Saurayi gabansa yana miƙewa da ƙarfi, ba ya tanƙwaruwa. Magidancin da ya haura 45 ko 50 sau da yawa miƙewarsa rabi da rabi ce, ta isa shiga amma ba ta isa jure turawa ba, sai gaban ya riƙa lauyewa a tsakiya, kuben yana tsagewa kaɗan kaɗan. Gaggawa da amfani da ƙarfi, da bushewar da wasu kayan matsi ke jawowa, duk suna ƙara wannan lauyewa. Akwai kuma gado. Wanda ke da wata cutar tafin hannu da ke janyo ƙaramin yatsa da na kusa da shi su naɗe ciki, su ƙi miƙewa, ya fi wasu haɗarin kamuwa, domin halin jikin iri ɗaya ne: yawan yin tabo.

Amma babban abin da ya shafi mutanen Sudan shi ne suga. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan 19 cikin kowane baligi 100 a ƙasar nan suna da shi, adadin da ya sa Sudan cikin ƙasashen da suka fi fama. Kowa ya san yadda ake zuba cokali uku ko huɗu a ƙaramin kofin shayi, sau nawa a rana. Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jini, ya raunana miƙewa, ya kuma ɓata yadda rauni ke warkewa, wato yana buɗe wa ciwon ƙofa biyu a lokaci guda. A maƙwabciyarmu Masar, likitoci sun duba masu suga 206 da ke kukan raunin gaba, suka sami ƙullin Peroni ga ɗaya cikin kowane biyar, a rahoton 2007. A ƙara da hawan jini, da sigari, da shisha, da tumbak da ake cusawa a leɓe, wanda nikotin ɗinsa ke tsuke jijiya. Sannan a tuna watannin da masu suga suka yi a Umbadda ba ƙwaya, ba allura, ba gwaji, tun daga ɓarkewar yaƙi a 15 ga Afrilu 2023. Magidancin da ya ga gabansa ya karkata a wannan lokaci, abu na farko da ya kamata a duba masa shi ne jininsa.

Ciwon ba daji ba ne, ba ya kuma rikiɗa ya zama daji. Ba ciwon sanyi ba ne, ba a ɗaukarsa daga mace, ba a kuma shafa mata. Ba ya ɓata maniyyi. Duk matar da aka zarga a kansa an zalunce ta.

Akwai abubuwa uku da ake rikita su da shi. Na farko mai sauƙi ne: wasu samari haka aka halicce su da 'yar karkata, galibi ƙasa, ba ƙulli ba zafi, tun balaga take kuma ba ta ƙaruwa. In ba ta hana komai, a bar ta. Sauran biyun kuwa na gaggawa ne, kuma a nan ake roƙon kowa ya buɗe kunne. Ɗaya shi ne karyewar gaba. Ana cikin saduwa, ko mutum ya tanƙwara gabansa da hannu yana miƙe, sai a ji ƙas, miƙewar ta faɗi nan take, gaban ya kumbura ya yi baƙi kamar yalon nan da ake kira aswad a kasuwa. Kuben ne ya yage gaba ɗaya. Magani shi ne ɗinki a asibiti, a wannan daren ko washegari. Wanda ya kwanta a gida don kunya, sau da yawa da lanƙwasa da raunin gaba yake tashi. A birnin Karmanshah na Iran, wani likita ya wallafa rahoton mutum 172 da suka karye a 2000, kuma mafi yawansu da hannunsu suka jawo, saboda wata al'ada ta lanƙwasa gaba da ƙarfi don a kwantar da shi. Ɗayan kuma miƙewa ce da ta ƙi kwanciya, mai zafi, wadda ta fi samun masu sikila da masu haɗiyar magungunan ƙarfin maza barkatai. In ta kai awa 4, asibiti kawai. Jinin da ya tsaya yana kashe naman ciki, abin da ya mutu kuma tabo yake zama. Iyayen yara masu sikila su gaya wa 'ya'yansu maza wannan tun kafin su balaga.

Ciwon Peroni zango biyu gare shi, kuma wanda bai san wannan ba zai yi asarar kuɗi da rai. Zangon farko yakan ɗauki wata 6 zuwa 18. A cikinsa akwai zafi, tabon yana ɗanye, siffar gaba tana sauyawa daga wata zuwa wata. Bayan nan sai abin ya tsaya: zafi ya tafi, lanƙwasa ta zauna inda ta kai. Wasu likitoci a Amurka sun bi maza 246 da ba a yi musu magani ba har tsawon shekara guda ko fiye, suka wallafa sakamakon a 2006. Zafin ya ragu ga kowa, ya ɓace ɗungum ga kashi 89 cikin 100. Lanƙwasar kuwa ta ragu ga kashi 12 kacal, ta tsaya yadda take ga kashi 40, ta ƙaru ga kashi 48. A lura da abin da wannan ke nufi a kasuwa. Mutum ya sha jiƙo wata shida, zafi ya tafi, ya yaba wa mai magani, ya kai masa abokinsa. Alhali zafin da kansa zai tafi ko da ruwan rijiya ya sha, kuma karkatar tana nan, ƙila ma ta ƙaru.

Ba a raina masu maganin gargajiya a nan. Hausawan Sudan sun yi suna da sanin itatuwa da wanzanci tun zamanin da kakanni suka biyo hanyar hajji da ƙafa, wasu suka zauna a Mai Wurno da Jazira da Umdurman. Amma wannan tabo yana ƙarƙashin fata, a jikin kube, kusa da jijiyoyin da ke kawo jini da jin daɗi. Duk wanda ya sa masa aska, ko ƙaho, ko sakiya, sabon rauni ya yi a wurin da rauni ne asalin cutar. Haka mai murzawa da ƙarfi, haka mai ƙoƙarin miƙar da shi da hannu. Su kuma 'yan ƙullin zumar ƙarfin maza da ake sayarwa a shaguna, a 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni huɗu bayan ta sami sinadarin Viagra da na Cialis a ɓoye cikin zumarsu. Mai ciwon zuciya da ke shan ƙwayar buɗe jijiya irin ta ƙarƙashin harshe, in ya haɗa ta da wannan, jininsa na iya faɗuwa har ya rasa ransa. Wanzami ko mai saiwa da ya ji ƙullin nan a jikin wanda ya zo gare shi, babban taimakon da zai yi masa shi ne ya ce, wannan na likita ne.

Likitan da ake nema shi ne na mafitsara, wanda a nan ake ce wa daktan masalik. Gano ciwon ba ya buƙatar manyan na'urori. Zai yi tambayoyi, ya shafa ya ji ƙullin, ya auna tsayi. Zai so ya ga lanƙwasar, don haka yakan nemi mutum ya ɗauki hoto a ɗakinsa, ɗaya ta sama ɗaya ta gefe, ya nuna masa sannan a goge, ko ya yi wata 'yar allura da ke miƙar da gaba a ɗakin gwaji. In akwai hali a ƙara da hoton na'urar duban ciki, don a ga gudun jini da taurin tabo.

A zangon farko aikin likita shi ne rage zafi da ƙwayoyi irin su ibuprofen ga wanda cikinsa da ƙodarsa suka ɗauka, da saita suga da hawan jini, da gyara ƙarfin miƙewa da magani na gaskiya bisa awo, don gaban ya daina lauyewa. Bitamin E da aka daɗe ana rubutawa, ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce a 2015 a daina, ba ya miƙar da komai. Akwai na'urar ja, wadda ake ɗaurawa ta riƙa jan gaba a hankali. Tsofaffin samfuri suna son awanni da dama a rana, wani sabo da aka gwada a asibitin Mayo kuwa minti 30 zuwa 90 ya ishe shi, kuma an ga raguwar lanƙwasa da dawowar ɗan tsayi. A nan karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ta yi daidai, muddin an fahimci cewa da awo ake yi, a hankali, ƙarƙashin idon likita.

Mai waya a hannu zai ci karo da sunan Xiaflex, allurar da ke narka zaruruwan tabo, wadda Amurka ta amince da ita a Disamba 2013 ga masu karkatar digiri 30 zuwa sama. A gwajin da aka yi wa maza 832 ta rage kusan digiri 17, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuma suka rage kusan 9. Taimako ne, amma ba miƙewa sak ba ce, tana da tsadar gaske, har an janye ta daga kasuwar Turai wajen 2020 saboda dalilin ciniki. Kada magidancin Umbadda ya sa wa ransa cewa rashinta ya rufe masa ƙofa.

Domin abin da ya fi kowane magani miƙar da gaba shi ne tiyata, kuma mafi sauƙinta zare da allura da hannun gwani kawai take so. Sharaɗinta haƙuri: sai ciwon ya shekara, zafi ya tafi, siffa ta tsaya cik na wata 3 zuwa 6. In aka yi gaggawa tabon zai ci gaba da ja bayan ɗinki. Telolin kasuwa za su gane aikin da sauri. Jallabiya ce gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Ko dai a tattare dogon gefen a ɗinke ya yi daidai da gajeren, ko a tsaga gajeren a ƙara masa ƙyalle. Hanya ta farko wani likita Ba'amurke, Reed Nesbit, ya bayyana ta a 1965, aka fara amfani da ita ga masu Peroni a Landan a 1979. Ta dace da mai karkatar da ba ta wuce digiri 60 ba, mai ƙarfin miƙewa, kuma illarta ɗan ragin tsayi ce. Hanya ta biyu ta masu babbar lanƙwasa ce ko tsukewar kalangu, tana kare tsayi amma haɗarinta ga ƙarfin gaba ya fi yawa. Wanda kuma miƙewar ta riga ta mutu, ƙwaya ba ta tashe ta, ana dasa masa sanda mai lanƙwasuwa ko mai famfo a cikin bututun biyu, ya koma ga iyalinsa. Mai 'yar karkata da ba ta hana shi komai ba ya buƙatar wuƙa ko kaɗan.

Saura zuciya, wadda ita ce ta fi shan wuya. Wani bincike na 2008 ya sami alamun ciwon damuwa ga kusan rabin masu wannan cuta. Miji ya yi shiru, mata ta shiga lissafi: ko ya daina sonta, ko aure zai ƙara, ko kishiya ta yi mata wani abu. Gidan da ya tsira daga harsashi sai ya soma tsagewa daga ɗaki. Addinin da muke bi bai koyar da irin wannan shiru ba. Bukhari da Muslim sun kawo labarin tsohuwar matar Rifa'a, wadda ta zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan raunin sabon mijinta a gaban Nana A'isha da Sayyidina Abubakar, bai kuma kore ta ba, ya saurara ya ba ta hukunci. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Mukhtasar, sun tattauna aibobin da ke hana saduwa dalla dalla, har suka yanka wa angon da ya kasa kusantar amaryarsa wa'adin shekara guda. Malamai kuma sun halatta wa likita duban al'aura gwargwadon lalura. Uwargida da ta san gaskiyar abin takan zama mai taimako ta farko: ita za ta rage sugan shayi, ita za ta yi haƙuri a sauya kwanciya zuwa wadda ba ta cutar da kowa, ita za ta tuna masa ranar komawa asibiti.

Kowa ya san halin da asibitoci suka shiga. A lokacin yaƙin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na asibitocin yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Kafin yaƙi mai matsalar mafitsara yakan tsallaka kogi zuwa asibitin Ibn Sina ko na Soba. A tsakiyar yaƙin kuwa asibitin Al-Nau da ke Sawra yana cikin 'yan ƙalilan da suka riƙe Umdurman, suna fama da masu raunin harbi dare da rana. A irin wannan hali magidanci yakan ji nauyin kai kukan gabansa inda wasu suka rasa ƙafa. Amma aure ma rai ne, kuma wannan ciwo na zangon farko ba ya cin gado ko ɗakin tiyata. Gwajin suga, awon jini, da minti goma na likita yake so.

Don haka, ya ku iyaye da 'yan uwa, duk wanda ya ji ƙulli ko ya ga karkata, ya rubuta watan da abin ya fara, ya ajiye jiƙo da zumar ƙulli, kada ya bari a sa masa aska ko wuta. Ya auna sugansa a cikin makon nan, ya zaunar da iyalinsa ya gaya mata, sannan ya je asibiti mafi kusa da ke aiki ya ce a haɗa shi da daktan masalik.